Alkawuran Baba Sama

Yaran layi ne suka sa masa suna Baba Sama, domin tun da suka buɗe ido ba su cika ganinsa a ƙasa ba. Ma'aikacin wutar lantarki ne, cikin masu hawa falwaya suna gyaran waya, kuma ya yi wannan aiki tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Yanzu ya rasu. Amma in ka zauna da matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ba da kuka za ta fara maka ba. Za ta gyara zama a bayan keken ɗinkinta, ta ce mutumin nan bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma duk duniya babu wanda ya yi mata wayo kamarsa.

Mutum ne mai ibada ta gaske. Kowace safiya sai ya tara gidan a falo, ya karanta aya, sannan ya ja addu'a har shayi ya huce a kofi. Yakan ambaci 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci maƙwabta da masu jinya, ya rufe da duk wanda hannunsa zai taɓa waya a ranar. A gindin kowace falwaya kuma yakan cire hular kwano, ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, sannan ya taka tsani. Da ya kai sama ya ɗaure ƙugunsa da bel, sai waƙar yabo ta ɓarke. Muryar kuwa, Allah ya ba shi ƙarfinta ya hana shi daɗinta. Shugaban mawaƙan coci ya taɓa jan sa gefe, ya roƙe shi cikin ladabi ya riƙa yabon Ubangiji a zuci. Ya ce ya ji, a coci zai yi a zuci, amma a saman falwaya babu mai hana shi sai Wanda ake yi wa waƙar, Shi kuma bai taɓa kawo ƙara ba.

Yana da abokin aiki, Gajere, wanda ke tuƙa motar gyara yana kuma riƙe masa tsani. Gajere ya shafe shekaru a aikin wuta alhali ko kan kujera ya tsaya sai gwiwarsa ta yi rawa. Baba Sama yakan ce Allah ne ya haɗa su, ɗaya ba ya son sauka, ɗaya ba ya son hawa.

Mama kuwa, shi Sufeto yake ce mata. Dalili, kowace safiya kafin ya fita sai ta karɓi bel ɗin nan ta bi ɗinkinsa da yatsa, ta ja nan ta ja can, irin dubawar tela da ba ta yarda da aikin kowa ba. In hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗa ƙofofi, ta san abin da zai biyo baya. Waya za ta tsinke a wani wuri, a kira shi, ya ajiye cokali a tsakiyar abinci ya fita. Takan zauna a baranda tana taka keke, ɗinki yana tafiya a karkace, kunnenta yana bakin ƙofa har sai ta ji ƙarar motar Gajere.

Wata safiya abin da take tsoro ya leƙo. Yana saman falwaya a bakin kasuwa, waƙa ta kai tsakiya, sai ta yanke. Gajere ya ɗaga kai ya ga abokinsa ya saki hannu yana reto a jikin bel kamar rigar da aka shanya. Jiri ne ya ɗebe shi. Ranar ce kaɗai a tarihi Gajere ya hau tsani har ƙarshe, ido a rufe, yana kiran sunan Ubangiji a kowane mataki, shi da wasu masu shago suka sauko da shi.

A asibiti likita ya gwada shi, ya sake gwadawa, ya ce hawan jini ne, kuma ya yi nisa.

"Kin ji, Sufeto?" in ji Baba Sama daga kan gado. "Har jinina ma hawa yake so. Abin a jiki yake."

Babu wanda ya yi dariya. Babbar 'yarsu, wadda nas ce a asibitin, ta harare shi irin hararar uwarta. Likita ya ce hawa ya ƙare, wurin aiki kuma suka ce dama lokacin ritayarsa ya matso, ya je ya huta.

Mama ta san mijinta. Maganar likita za ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Amma ta san wani abu guda: abin da ya ɗauka a gaban Allah ba ya saɓawa ko za a yanka shi. Don haka wata Lahadi bayan sujada ta gayyaci Fasto cin abinci. Fasto matashi ne mai son zaman lafiya, bai san tarko aka kira shi ya riƙe ba. Sai da aka ci aka ƙoshi, aka kawo lemo, sannan Mama ta share hannu ta ce, "Fasto, baban yara yana da alkawarin da yake so ya ɗauka a gabanka."

"Ni?" in ji Baba Sama.

"Kai. Faɗa masa ba za ka ƙara hawa falwaya ba."

Ya dubi Fasto, Fasto ya dubi lemonsa. Ya dubi 'yarsa nas, ta naɗe hannu a ƙirji. Mama har ta fara jin tausayinsa. Can ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya ce a gaban Allah da bawansa da iyalinsa, ba zai ƙara hawa falwaya ba har ya bar duniya. Aka ce amin. Mama ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka.

Hutun bai yi nisa ba. Wata rana da hantsi tana dawowa daga sayen zare, tun daga kan kwana ta ji wata murya da ba ta da ta biyu a duniya tana yabon Ubangiji daga sama. Ta bi muryar da ido. Ga shi can a ƙwanƙolin mangwaron maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai, ya ɗaure ƙugu da bel a jikin reshe, yana sare rassan da ke gogar wayar gidan.

"Baban yara!"

"Sannu da dawowa, Sufeto. An samu zaren?"

"Ina alkawarin da ka ɗauka?"

"Yana nan daram. Dubi da kyau, wannan falwaya ce? Mangwaro ne. Ga 'ya'yansa ma, in tsinko miki?"

Tsohuwar ta fito tana ba da haƙuri, ta ce wuta ke tartsatsi duk lokacin da iska ta taso, ita kuma ba ta da kowa. Baba Sama ya ƙara da cewa ai ko a nassi akwai wani ɗan guntun mutum da ya hau itace, kuma ba a tsawata masa ba, baƙo ma ya samu a gidansa. Mama ta ce shi ma baƙo zai samu, ya sauko ya gani.

Lahadi ta zagayo, Fasto ya sake cin shinkafa a gidan. Wannan karon aka ƙara itace a cikin alkawari, kowane iri, mai 'ya'ya da marar 'ya'ya. Baba Sama ya miƙe ya cire hula ya maimaita, fuskarsa kamar ta mutumin da aka zalunta. Mama ta kwance bel ɗin daga jakarsa ta kulle a akwatin zannuwanta.

Bayan haka ya yi lamo. Yana shan magani a kan lokaci, yana raka jikoki makaranta, yana zama kusa da ita a baranda yana zura mata zare a allura. Abin da ya dame ta shi ne yawan zuwansa coci a ranakun da babu sujada. In ta tambaya sai ya ce aikin Ubangiji ne, kuma ta san ba ƙarya yake yi ba. Shi ya sa hankalinta bai kwanta ba.

Wata Asabar matan coci suka je shara. Mama ta riga sauran isa, tsintsiya a hannu, ta tura ƙofar majami'a. Abin da ta fara gani ƙafafu ne guda biyu sanye da takalman da ta sani, suna leƙowa daga wani rami a silin. Ƙarƙashinsu dogon tsani. A gindin tsanin kuma, riƙe da shi da hannu biyu, Fasto ne da kansa.

Fasto ya juyo ya gan ta. Daga cikin silin murya ta ce, "Fasto, miƙo mini filaya. Ɓera ne ya ci wayar fankar nan, shi ya sa dattawa ke gyangyaɗi saboda zafi, ba wa'azinka ba ne."

Filaya ba ta iso ba.

"Fasto?"

"Baba," in ji Fasto da ƙaramar murya, "Mama ta zo."

Ƙafafun suka daina motsi. Can muryar ta ce, "Ka gaishe ta. Ka kuma tuna mata cewa wannan ba falwaya ba ce, ba kuma itace ba."

"Tsanin da me aka yi shi?" in ji Mama.

"Na ƙarfe ne, Sufeto. Na duba kafin in taka."

Mama ta jingine tsintsiya ta dubi Fasto daga sama har ƙasa. Ta ce ita ta ɗauka makiyayi ta kawo gidanta, ashe ɗan riƙon tsani ta ciyar da shinkafarta har sau biyu. Fasto ya ce shi ma ya kawo maganar alkawari, amma Baba ya bi masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya rasa inda zai kama shi. Kuma gaskiya zafin ya yi yawa a coci.

Zama na uku ba a kawo lemo ba. Mama ta zo da shirinta.

"Ƙafarka ba za ta ƙara barin ƙasa ba," ta ce.

"To a ina zan kwana? Gado ai ba ƙasa ba ne."

"Ban da gado."

"Mota fa? In bi ku coci a ƙafa?"

"Ban da mota."

"Matakalar asibiti? Kujerar mai aski? Kin san tana da ɗan tudu."

Nas ta juya baya don kada a ga tana dariya. Aka yi ta ja, aka yi ta saki, har Fasto ya kawo shawara a sa ma'auni. Mama ta miƙe tsaye. Ita ba doguwa ba ce, da ƙyar ta kai masa hammata. Ta dafa kafaɗarta ta ce duk abin da ya fi nan tsawo, na ƙarfe ne ko na katako ko na siminti ko na wani abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna, ba zai hau shi ba. Baba Sama ya auna kafaɗar da ido, ya yi ajiyar zuciya, ya ce da ya sani da ya auri doguwa. Sannan ya cire hula ya ɗauka.

Wannan alkawari ya kama shi sosai, kuma Mama ta ga yadda ya kama shi. Ya rage waƙa. In motar gyara ta wuce ta layin, yakan bi ta da ido har ta sha kwana, ya dawo ya zauna ya ɗauki allurar da ya riga ya zura wa zare ya sake dubawa. In aka ɗauke wuta, sai yatsunsa su riƙa motsi a kan gwiwa kamar suna murɗa waya. Tausayinsa yakan kama ta, sai ta tuna shi yana reto a bakin kasuwa, ta haɗiye tausayin.

Ana haka aka yi wani ruwa mai iska da ya kwantar da rassa ya tsinka wayoyi a unguwar. Washegari da rana masu gyara suka iso layinsu, Gajere ne a sitiyari, amma ba da tsohuwar motar ba. Sabuwa ce fil, mai dogon hannu a baya, a ƙarshen hannun akwai wani kwando da mutum ke shiga a ɗaga shi har kan waya. Mama tana kicin ta ji hayaniyar yara, ba ta kula ba. Sai da ta ji waƙa.

Ta fito da ludayi a hannu. An gama ɗaura wayar, ba a maido da wuta ba tukuna, samarin ma'aikata suna tsaye suna dariya. Can sama, daidai kan falwayar ƙofar gidansu, Baba Sama ne tsaye a cikin kwando da aron hular kwano a ka, ya buɗe hannuwa yana rera yabo da dukan ƙarfinsa. Gajere yana ganinta ya nemi ɓuya a bayan taya.

"Sauko da shi," ta ce.

Gajere ya taɓa wani ƙarfe, hannun motar ya naɗo a hankali har kwandon ya zauna a ƙasa. Baba Sama bai jira ta fara ba.

"Kafin ki ce komai, Sufeto, zo ki tsaya kusa da kwandon nan. Kin gani? Ko ƙugunki bai wuce ba, balle kafaɗa. A ƙasa na same shi, a ƙasa na shiga. Ban hau komai ba. Ɗaga ni aka yi."

Mutanen layi sun taru, kowa yana jiran ya ga inda ludayin zai sauka. Mama ta dubi kwandon, ta dubi mijinta. Rabon da ta ga idonsa yana ƙyalli haka tun kafin asibiti. Ta miƙa wa wata maƙwabciya ludayin, ta ɗaure zaninta tamau.

"Matsa," ta ce.

"Ina za ki?"

"In ga abin da ke can da ya fi gidanka daɗi. Gajere, ɗaga mu."

Gajere ya fito yana rantsuwa cewa za a kore shi daga aiki, ga shi saura kaɗan ya yi ritaya lafiya. Mama ta ce ya zaɓa, ko wurin aiki su kore shi ko ita ta same shi. Ya ɗauko hular kwano ya kifa mata a kan ɗankwali, ya ɗaure su biyun da igiyar tsaro, ya koma wurin ƙarfensa yana addu'a a bayyane.

Kwandon ya motsa. Ƙasa ta fara ja da baya. Mama ta ga kan katangarsu, ta ga saman ƙofa inda ƙura ta taru ba ta taɓa sani ba, sannan kwanon rufin gidan ya bayyana gaba ɗaya. Ta damƙi hannun mijinta da hannu biyu har farcenta ya shiga fatarsa, ta runtse ido.

"Buɗe ido, Sufeto. Kin biya kuɗin kallo da tsoro, ki kalla mana."

Ta buɗe ɗaya, sannan ɗayan. Unguwar da ta yi rayuwarta a ciki tana shimfiɗe kamar yadin da aka baza a tebur. Ga rufin coci, ga makarantar jikoki, ga kasuwa can nesa da laimominta, ga wayoyi sun miƙe daga falwaya zuwa falwaya suna shiga kowane gida. A ƙasa kuma ga tsakar gidanta, ƙarami kamar faranti, da shanyarta, da barandar da keken ɗinki ke zaune.

"Kin ga tankin ruwanmu?" ya ce. "Da gangan na shafa masa jan fenti, kika yi ta faɗa wai ya yi muni. Daga yawancin falwayoyin gefen nan ana hango shi. In na hau, shi nake fara nema. In na gan shi sai in ce, to, Sufeto tana can tana ɓata wa wani riga, bari in yi aikina."

Ta ƙara damƙe hannunsa. Shi kuma ya ɗauka lokacin waƙa ne, ya ja numfashi.

"In ka rera ko baiti ɗaya," ta ce ta cikin haƙora, "zan yi tsalle."

Ya yi dariya, ya sunkuyo ya dube ta, sai dariyar ta tsaya. Gumi ya jiƙa mata wuya, leɓenta ya bushe.

"Haka tsoron yake miki?" ya tambaya a hankali.

"Haka yake mini tun ranar da na aure ka. Bambancin kawai, da a ƙasa nake jin sa, ina taka keke."

Ya daɗe yana kallon hannuwanta a kan nasa. Sannan ya leƙa ƙasa ya yi wa Gajere alama ya sauke su.

Da kwandon ya taɓa ƙasa layin ya kaure da tafi da sowa. Mama ta fito, ta cire hular ta miƙa wa Gajere, ta karɓi ludayinta, ta ce wa jama'a kallo ya ƙare, kowa ya je ya duba tukunyarsa. Tata ta riga ta kama.

Ba a sake kiran Fasto ba, ba a sake ɗaukar wani alkawari ba. Amma daga ranar Baba Sama bai ƙara neman ƙofa a cikin maganarsa ba. Ya sauko da gaske. Sai dai duk ƙarfin da yake kaiwa sama ya juyo da shi cikin gida, har Mama ta fara tunanin ko ta yi kuskure. Ya naɗa kansa mai karɓar baƙin ɗinki, yana gaya wa mata cewa awonsu ya ƙaru tun bara, wai shi ba ya ƙarya. Ya koya wa jikoki waƙoƙin yabo da irin muryarsa, shugaban mawaƙa ya zo har gida yana roƙo. In masu gyara suka zo layin, yakan ja kujerar roba ya zauna a gindin falwaya, ya cire hula ya yi musu addu'a, sannan ya hana su sakat da gyara: wannan ɗaurin na rago ne, wancan bel ɗin wa ya duba shi, sauko ka kai wa Sufeto ta gani. Samarin suna ƙorafi, amma in suka zo ba su gan shi ba sai sun ƙwanƙwasa ƙofa. Da yawansu Mama ta sake wa ɗinkin jakar kayan aiki tana mita.

Shekaru suka wuce a haka, masu daɗi. Ya ga auren autansu, ya riƙe jikar da aka haifa bayan nan, aka zaɓe shi dattijon ikilisiya. Sannan zuciyarsa ta fara gajiya. Ya rage tafiya, ya rage ci, addu'ar safe ta gajarce har ana shan shayi da zafinsa, abin da ya sa nas ta fita baranda ta yi kuka ranar da ta lura.

A kwanciyarsa ta ƙarshe a asibiti, wata rana da yamma Mama tana ɓare masa magani, ya kama bakin mayafinta.

"Sufeto, akwai hawa ɗaya da kika manta ba ki sa a alkawari ba."

"Ban manta ba. Wancan ba hurumina ba ne. Buɗe baki."

Ya buɗe, ya haɗiye, ya ce ruwan ya yi sanyi, ta ce da can da yake shan ruwan sama a kan falwaya wa ya dafa masa. Ya nemi ta karanta masa aya, ta karanta, ya gyara mata wata kalma da ta faɗa daidai, don dai ta tanka. Ta tanka. Washegari da hantsi, 'ya'yansa suna kewaye da gadon, Fasto yana addu'a, ya cika cikin sauƙi kamar mai gyangyaɗi.

Cocin bai ɗauki mutane ba ranar jana'iza. Ma'aikatan wuta suka zo da kayan aikinsu suka jeru a baya, tsofaffi da samari. Tsohuwar maƙwabciya ta sa aka kawo ta a keken guragu. Mama ta yi kukanta, mai yawa, ba ta ɓoye ba.

Bayan an dawo gida, mutane sun fara raguwa, ta fito baranda ta tarar da Gajere zaune a dakali shi kaɗai, farantin abinci a gabansa bai taɓa ba. Shi ma ya yi ritaya, matarsa ta riga shi tafiya, 'ya'yansa suna nesa. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ya tsufa a shekara goma. Ta tsaya a kansa.

"Gajere, ci abincin nan."

"Ba ya wucewa, Mama."

"Zai wuce. Kuma ka saurara. Daga yau kowace Lahadi bayan sujada a nan za ka ci abinci."

Ya ɗago jajayen idanu. "Kada in zame miki nauyi."

"Ba don kai ba ne. Ina da faɗa cike da baki wanda zai kai ni wasu shekaru, mai shi kuma ya tafi ya bar ni da kaya. Dole in samu inda zan riƙa saukewa."

"To ni me na yi?"

"Za ka yi."

Gajere ya yi wata 'yar dariya da ta haɗu da kuka, ya jawo farantin ya fara ci.

Lahadi ta gaba ya zo da wuri, ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau, har da ledar ayaba a hannu. Ya yi sallama ya sa ƙafa a falo. Mama ta leƙo daga kicin ta dubi tabarmar da ta share da safe, ta dubi ƙafafunsa.

"Gajere! Da takalmi?"

Ya koma da baya da sauri yana ba da haƙuri, ya tuɓe su a bakin ƙofa, jikoki suna ta ƙyalƙyala dariya. Ta karɓi ayabar ta juya ta, ta ce duk kasuwar nan bai ga nunanna ba sai wannan, sannan ta nuna masa kujera ta koma ta zubo masa abinci.